Ba a tsaya ga zuba subtilisin haka kawai cikin garin sabulu ba

Wani labari da na karanta ya nuna kamar ciro enzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) mai suna subtilisin kawai aka yi daga bakteriya aka zuba cikin garin sabulun wanki, alhali kuwa, ko da yake da farko haka aka yi, daga baya an taɓa ƙirarsa. Subtilisin, wanda bakteriyar Bacillus ke fitarwa (danginta ne ke mayar da kalwa daddawa), yana datse furotin ɗin tabon jini ko ƙwai ne da haɗin gwiwar amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) uku da ke jikinsa: serin, histidin da aspartat. Sai dai bilic yana lalata metiyonin, wani amino asid da ke gurbi na 222 a jerin tubalan enzayim ɗin, daf da serin ɗin, ƙarfin aikin ya ragu ƙwarai, shi ya sa masana a Amurka suka musanya metiyonin ɗin da wani amino asid a 1985. Me ya hana marubucin ambaton wannan?