Kaluluwa bayan sankarar mama ba lallai ciwon ne ya dawo ba

Mata da yawa da suka gama maganin sankarar mama, da sun ji kaluluwa a hammata ko wuya sai hankalinsu ya tashi, su ɗauka ciwon ne ya dawo. Sau da yawa ba haka ba ne. Mura, ƙurji, rauni a hannu ko allurar rigakafi duk suna kumbura ta, kuma irin wannan takan yi zafi, tana motsi, ta sace cikin mako 2 zuwa 4.

Wadda ta yi tauri, ba ta motsi, tana girma, ko ta fito saman ƙashin wuya, ita ke buƙatar hanzari. Kowace iri ce, ki sanar da likitanki. Hoton sikanin da gwajin ɗan naman da aka ciro da allura ne ke tantancewa. Ki daina yawan latsa ta, hakan na ƙara mata kumburi.