A Daina Zagin Masu Faci, Ƙayar Tana Cikin Taya

Na ga bidiyon da ake ta yawo da shi, na wani saurayi mai keke yana zagin wani dattijo mai faci. Hukuncina a kai gajere ne: wannan saurayi ya yi rashin kunya, kuma jahilci ne ya kai shi ga rashin kunyar. Mutum ya tsaya a bakin titi a cikin garin Sakkwato, ya ɗaga murya a kan dattijon da ya haifi kamarsa, yana kiransa macuci don kawai tayar kekensa ta sake sacewa bayan an yi mata faci, sannan ya kunna waya ya ɗauka don duniya ta taya shi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne waɗanda suka bi shi da tafi, har wasu suna rantsuwa cewa masu faci ne ke zuba ƙaya a hanya da dare don su samu ciniki da safe. Madalla da wannan bincike mai zurfi. Ashe duk ƙayar da ke tsakanin Dundaye da Kwalkwalawa wani tsoho ne mai famfo da kwanon ruwa yake bi da tsakar dare yana shuka ta.

Duk wanda ya saurari bidiyon da kunnen basira ya ji abin da dattijon yake ta faɗa a ƙarƙashin hayaniyar: "Ɗana, na ce maka ka bari in duba tayar, ka ce sauri kake yi." Maganar ke nan gaba ɗaya, kuma a kanta zan tsaya. Ramin yana jikin tub, amma abin da ya yi ramin yana jikin taya. Wanda ya liƙe tub ya mayar da shi cikin tayar da ƙaya ke maƙale a jikinta, bai yi gyara ba, ya dai sayi tafiyar ɗan lokaci ne kafin ƙayar nan ta sake huda shi a wuri ɗaya ko kusa da shi. An bar jaki ana dukan taiki.

Mu fara da ƙasar da muke takawa, domin da alama wasu a cikinmu sun manta inda suke zaune. Sakkwato ƙasar ƙaya ce tun kafin a kawo keke. Muna da bagaruwa mai fararen ƙayoyi biyu-biyu, wadda majemanmu ke jeme fatar jar akuya da 'ya'yanta. Muna da aduwa, wadda ƙayarta doguwa ce mai ƙarfi har tana iya ratsa takalmin roba ta sami ƙafa. Muna da magarya da kurna, waɗanda ƙayoyinsu ke fitowa ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya, ga kuma gawo da farar ƙaya. Ƙarangiya ta fi suna, amma ɓarnarta ta fi yawa a kan wando da ƙafa, taya mai sauran ƙwari ba ta cika jin ta ba. Babban abokin gabar mai keke shi ne tsidau, ɗan tsiron nan mai shimfiɗuwa a ƙasa da 'yar fure rawaya, wanda ba ya ko ɗaga kai balle a gan shi daga nesa. Yana fitowa da damina a gefen hanya da filayen da aka yi watsi da su, ya bushe da kaka, 'ya'yansa su rarrabu gida biyar, kowane ɓari da ƙayoyinsa masu tauri, kuma yadda aka halicce shi, ko ta wane gefe ya faɗi sai ka tarar wata ƙayar tana kallon sama. Haka zai kwanta cikin rairayi duk tsawon rani, awaki da tumaki suna kwasarsa a kofato suna kai shi wani wuri, tayoyinmu ma suna yi masa wannan hidimar kyauta. Irinsa yana iya yin shekaru a ƙasa bai mutu ba. To mai faci yana buƙatar ya wahalar da kansa da zuba ƙaya a irin wannan ƙasa?

Yadda ƙaya ke aiki a jikin taya shi ne abin da masu hayaniyar ba su sani ba, kuma ba su damu su sani ba. Idan taya ta taka tsidau ko reshen bagaruwa, gangar jikin yakan karye ya faɗi, tsinin kuma ya tsaya binne a cikin robar. Daga waje ba ka ganin komai sai ɗan ɗigo, wani lokaci ko ɗigon babu. Idan an cire tayar aka duba cikinta da ido, sau da yawa nan ma ba a ganinsa, domin robar ta haɗiye shi. Sai an hura iska, mutum ya hau, nauyinsa ya danne tayar a kan ƙasa, sannan tsinin yake leƙowa ta ciki ya soki tub, ya koma, ya sake leƙowa a kowane juyi. Shi ya sa za a yi faci mai kyau, a tsoma tub cikin ruwa babu ko kumfa ɗaya, mai keke ya tashi daga Runjin Sambo lafiya lau, kafin ya kai Gawon Nama ya ji ƙarfen ƙafar yana dukan ƙasa. Facin bai ɗaga ba, yana nan daram. Rami ne sabo, kuma ƙayar da aka bari ce ta yi shi.

Mai faci da ya san aikinsa yana da tsari, kuma tsarin yana cin lokaci. Idan ya zaro tub yakan lura da yadda yake kwance a cikin taya, ya riƙe bawul a matsayin alama, domin idan ya gano ramin a jikin tub ya auna daidai wurin a jikin taya ya je can ya nemi abin da ya huda. Yakan duba ta wane gefe ramin yake. Idan ta bayan tub ne, wato gefen da ke fuskantar ƙasa, ƙaya ce ko ƙusa ko gilashi. Idan ta ciki ne, gefen ƙarfen ƙafa, to robar da ake shimfiɗawa a kan ƙarfen ce ta cinye har kan waya yana taɓa tub. Idan kuma ramuka biyu ne a jere, ba ruwan ƙaya, mai keken ne ya hau da ƙarancin iska ya daki rami ko dutse har ƙarfe ya matse tub ɗin. Bayan haka sai ya bi cikin tayar da yatsunsa a hankali, zagaye ɗaya cikakke, wasu kuma su bi da tsumma ko auduga domin zaren yana maƙalewa a kan tsinin da yatsa ya tsallake. Idan ya samu, ya lanƙwasa wurin ya tura shi waje da allura. Kuma ba ya tsayawa don ya sami guda ɗaya, domin tayar da ta ratsa filin tsidau ba ta kwaso guda ɗaya kawai ba. Sai bayan duk wannan ya kankare wurin ramin da sanfefa, ya shafa gam kaɗan, ya jira ya sha iska har ya daina sheƙi, sannan ya ɗora facin ya danne. Wanda ya ɗora faci a kan ɗanyen gam, ranar Sakkwato ta watan Afrilu, wadda zafinta ke haura digiri 40, za ta ɗaga masa shi ba tare da taimakon kowace ƙaya ba.

Yanzu ku kwatanta wannan da yadda muke zuwa wurinsu. Mutum ya jingine keke yana kallon agogo, tun kafin a zaro tub ya fara cewa, "Baba, yi sauri mana, liƙe min kawai in tafi." Idan Baba ya sa hannu cikin taya sai a ce yana jan aiki don ya ƙara kuɗi. Idan ya ce akwai rami na biyu sai a ce shi ya huda. Idan ya ce tayar ta mutu, zare ya fito, ba ta da sauran abin da za ta kare tub da shi, sai a ce ya haɗa baki da mai sayar da taya. To me ake so ya yi? Ya liƙe, kamar yadda aka umarce shi, ya karɓi abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba, sannan gobe a dawo da waya a hannu a tara masa jama'a. A bar shi ya duba tayar. Wannan kaɗai nake roƙo, kuma ba na jin roƙon ya yi tsada.

Na san za a ce ai akwai masu faci marasa gaskiya. Akwai, kamar yadda kowace sana'a take da nata, kuma wanda ya ga mai facinsa bai sa hannu cikin taya ba yana da baki, sai ya ce masa ya sa, ko ya tura kekensa gaba zuwa wani. Wannan bai shafi dattijon da ya nemi a bar shi ya duba aka hana shi ba. Za a kuma ce a sayi taya mai kauri a huta. Masu faɗin haka su fara zuwa kasuwa su tambayi farashi, sannan su dawo su gaya wa ɗalibin da ke hawa keke zuwa jami'a a Dundaye, ko mai kai kayan lambu daga fadama zuwa cikin gari, daga wane aljihu zai fitar. Mutanen da suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba don nishaɗi suka koma kansu ba. Kuma tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008, harkar taya a ƙasar nan ta koma jiran abin da jirgin ruwa ya kawo, farashi yana bin dala. Ko da an sayi mai kaurin, ƙayar aduwa ba ta san tambarin kamfani ba, kuma ranar da ta shiga sai an cire ta.

Akwai kuma masu wayewa da suka zo da labarin ruwan da ake ɗurawa cikin tub ya toshe rami da kansa. Gaskiya ne akwai shi, kuma yana toshe ƙananan ramuka irin na tsidau, ba na musun wannan. Sai dai yana bushewa da daɗewa, ƙasa mai zafi kuma ta fi saurin busar da shi, yana iya toshe bawul, kuma ranar da rami ya fi ƙarfinsa, mai facin nan dai za a koma wa, ya sha wahalar goge santsin kafin gam ya kama. Dabarar da masu kekenmu na ƙauye suka daɗe suna yi ta fi dacewa da aljihun talaka: a sami tsohuwar taya a yanke gefunanta masu waya, a shimfiɗa tsakiyarta a cikin sabuwar, tsakanin taya da tub, sai tsini ya ratsa roba biyu kafin ya kai ga iska. Keken zai ɗan yi nauyi, kuma dole a gyara bakin yankan ya yi sumul don kada shi ma ya ci tub ɗin, amma tana aiki. Ita ma ba ta ɗauke wa kowa duba taya ba.

Sauran abin da ya rage na mai keke ne, ba na mai faci ba. Ya riƙa bin sawun da aka riga aka taka, ya daina sauka gefen hanya inda ciyawa ta bushe don gudun ɗan rairayi, domin a nan tsidau yake. Ya daina jingine keke a gindin bagaruwa ko aduwa don neman inuwa. Idan ya ratsa fili ya ga 'ya'yan tsidau a jikin taya, ya tsaya nan take ya kakkaɓe su kafin nauyinsa ya tura su ciki. Amma idan ƙaya ta riga ta nutse kuma yana nesa da gari, kada ya zare ta, domin ita ce ke riƙe da sauran iskar, ya bar ta har ya isa inda za a gyara. Ya kuma riƙa hura iska daidai, kada ya cika ta tam sannan ya bar keken a tsakiyar rana.

Tun da ana neman wanda za a ɗora wa laifin ƙaya a hanya, ni ina da waɗanda zan nuna, kuma ba su da famfo ko kwanon ruwa. Su ne masu sare rassan gawo da bagaruwa da rani don dabbobinsu su ci ganye, su tafi su bar ƙayar a kan turbar da jama'a ke bi, da masu janyo ƙaya a ƙasa don shingen gona ko lambu, tana kakkaryewa tun daga daji har bakin gonar. Shinge haƙƙin manomi ne, ba wanda ya ce ya bar wa awaki albasarsa. Amma idan an cire amfanin gona shingen ya tsufa, iska da dabbobi suna watsa shi a kan hanya, mai gonar kuma yana wucewa ta wurin kullum yana tsallakewa. Kowane ɗalibin Islamiyya ya san cewa gusar da abu mai cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, kuma ba a ce sai mutum ne ya zubar da shi sannan zai kawar ba. Masu unguwanni da masu garuruwan da ke kan hanyar Wamakko da ta Kware suna iya yin magana ɗaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a a tara tsohon shinge a ƙone kafin hunturu ya kwashe shi. Yaran da ke zuwa makaranta da silifas a kan waɗannan turbobi sun fi tayar keke buƙatar a yi hakan.