Gidan Rabeh na Dikwa: a gyara ginin, a kuma faɗi tarihinsa duka

Ginin ƙasa ba ya daɗewa sai ana sake yaɓe shi, saboda haka ina tare da duk mai kiran a ci gaba da gyaran gidan Rabeh da ke Dikwa a jihar Borno, wanda aka sa cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1959. Damuwata ita ce abin da ake faɗa wa maziyarci bayan ya shiga ƙofa.

Rabeh mutumin Sudan ne, ya yi aikin soja a ƙarƙashin Zubairu Rahama, wanda ya shahara da fataucin bayi, sannan ya nufo yamma da rundunarsa mai bindigogi. A 1893 ya ci Borno da yaƙi, ya ƙone Kukawa, birnin Shehunan Borno, ya mai da Dikwa hedikwatarsa, ya gina wannan sansani. Bai daɗe a cikinsa ba, domin Faransawa sun kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900, a yaƙin da kwamandansu Lamy shi ma ya mutu. Bayansa Jamusawa sun zauna a Dikwa, Ingilishi kuma suka karɓe ta a 1916.

Na sha jin ana kiransa gwarzon da ya yaƙi Turawa, a tsaya nan. Gaskiya ne ya yaƙe su, amma kafin ya gamu da su, Musulmi 'yan uwansa ya fara yaƙa, kuma jikokin waɗanda aka kama bayi ko aka kora daga Kukawa suna raye, wasunsu ma su ne za su kawo 'ya'yansu kallon gidan. Mu ma 'yan ƙasar Hausa labarin ya shafe mu, domin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya haɗa kai da Rabeh har ya auri 'yarsa, daga baya suka ɓata, aka kashe shi a hannun mutanen Rabeh ɗin.

Don haka nake roƙon duk ranar da aka ware kuɗin gyara, a ware wani kaso na horar da masu zagayawa da baƙi daga cikin 'yan garin, a kuma rubuta bayanin kowane ɗaki da Kanuri da Larabcin Shuwa da Hausa, a sa sunan Kukawa da na Shehu Kyari, wanda Rabeh ya kashe, a wurin da ido zai fara sauka.