Minti ɗaya na manhaja bai isa a yanke wa agogo hukunci ba

Tun da manhajojin auna agogo suka yawaita a wayoyi, masu sha'awar agogon wani, wato irin wanda ba ya aiki da batir sai da sifirin, suka samu sabon abin da ke hana su sukuni. Mutum zai kara agogonsa a bakin makirfon, ya jira minti ɗaya, manhaja ta nuna masa cewa agogon yana gudu da sakan 14 a rana, nan take hankalinsa ya tashi ya fara neman abin buɗe murfin baya. A ganina wannan lamba ba ƙarya ba ce, sai dai ba ita ce amsar tambayar da ke ransa ba, domin shi so yake ya san yadda agogon ke riƙe lokaci a hannunsa, ita kuwa ta gaya masa abin da agogon ya yi a kan tebur cikin minti guda.

Abin da manhajar ke saurare shi ne bugun da ke fita duk lokacin da ƙaramin zoben nan mai kaiwa da komowa, wanda masu gyara ke kira balans, ya sa aka saki haƙori ɗaya na ƙaramin wilin da ke tura shi. Agogon zamani da yawa suna bugawa sau 28,800 a awa, takwas ke nan a sakan, wasu sau 21,600, tsofaffi da yawa kuma sau 18,000. Manhaja tana auna tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, sannan ta lissafa abin da zai taru in aka ci gaba a haka har awa 24. Aikin da na'urar taimgirafa ke yi ke nan a teburin mai gyara, ko ta kamfanin Witschi na Suwizalan ko Weishi 1000 ta Sin, amma ita tana maƙale agogon ne ta ɗauki motsin daga jikin ƙarfen, alhali waya a iska take ji, kuma wayoyi da dama suna ɗaukar wannan siririn sauti a matsayin hayaniya su tace shi. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: rana tana da sakan 86,400, saboda haka in ma'aunin lokacin da ke cikin wayar ya kauce da kashi 20 kacal cikin miliyan, sakamakon zai karkace da kusan sakan biyu a rana. Shi ya sa manhajar kwamfuta ta tg ta tanadi hanyar daidaita kanta da agogon batir kafin a fara awo.

Ko da an kawar da duk wannan, babbar matsalar tana nan. Agogon wani ba ya tafiya iri ɗaya in yana kwance fuska sama da in yana tsaye a gefensa, domin nauyi yana jan balans ta fuskoki dabam-dabam, kuma tafiyarsa da cikakken wani ba ɗaya ba ce da ta lokacin da sifirin ya kusa saki. Hukumar COSC ta Suwizalan, mai tantance daidaiton agogo, kafin ta ba injin agogo takardar shaida, sai ta gwada shi kwana 15, a zama biyar da matakan zafi uku, kuma abin da take nema shi ne matsakaicin da bai wuce jinkirin sakan 4 ko gudun sakan 6 a rana ba. Da awon minti ɗaya yana wadatarwa, ai da ba su ɗora wa kansu wannan wahala ba. Ya kamata kuma mutum ya san alkawarin da aka yi masa tun farko: injin NH35 na Seiko, wanda ke cikin agogo masu ɗimbin yawa, an ƙayyade masa daga jinkirin sakan 20 zuwa gudun sakan 40, don haka sakan 14 ba ciwo ba ne a wurinsa.

Saboda haka na fi amincewa da ɗaya nau'in manhajar, irin su Toolwatch da WatchTracker, waɗanda ba sa sauraren komai. Kana taɓa fuskar waya daidai lokacin da hannun sakan ya hau 12, ta kwatanta da lokacin intanet, gobe ka sake. Shafin time.is da ƴar takarda ma suna yin wannan aiki. Bayan mako guda kana ɗaure da agogon yadda ka saba, sai ka raba abin da ya taru gida bakwai, kuskuren yatsanka ya narke a ciki. A nan ne kuma mutum ke gano cewa in agogonsa yana gudu da rana, ajiye shi a gefensa da dare yakan rage masa, ba tare da an taɓa ko noti ɗaya ba.

Ban ce a watsar da manhajar makirfon ba. Amfaninta yana cikin lambobi biyun da ake tsallakewa. Ta farko ita ce faɗin lilon balans: agogo mai lafiya, da cikakken wani, fuska sama, yakan kai digiri 270 zuwa 310, in kuwa ya faɗo wajen 200 alama ce ta busasshen mai ko datti, ko da lokacinsa daidai yake. Sai dai wannan lissafi ya dogara da kusurwar ɗagawa ta injin, wato ɗan yankin lilon da ake tura balans a cikinsa, wadda akasari aka saita a digiri 52, kuma ba kowane inji ne haka ba. Ta biyu ita ce rashin daidaito tsakanin bugun zuwa da na dawowa, wanda ake so ya kasance ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ga mai sayen agogon da aka taɓa amfani da shi, waɗannan biyun da kuma ganin ko layin da manhajar ke zanawa a fuskar waya miƙaƙƙe ne ko ɗige-ɗige ne a warwatse sun fi lambar gudu muhimmanci nesa ba kusa ba.

In kuwa agogon da ke tafiya lafiya ya wayi gari yana gudu da minti guda ko fiye a rana, abin zargi na farko maganaɗisu ne, wanda ke sa zagayen siririn sifirin da ke jikin balans su manne da juna. Lasifika da murfin waya mai maganaɗisu sukan jawo haka. Kusanto da agogon ga kamfas, in allurar ta juya to an kama shi, kuma na'urar cire maganaɗisu tana warware matsalar cikin ƴan sakan ba tare da an buɗe murfin baya ba.