Kwanon da ka ci, kai za ka wanke

Jiya da daddare ɗana mai shekara 13 ya gama cin tuwo, ya tura kwanon da ƙafa zuwa bakin ƙofa, ya ƙwala wa ƙanwarsa kira ta zo ta ɗauke. Yarinyar shekararta 9. Ta ajiye aikin makarantar da take yi, ta taso ta ɗauka, ko uffan ba ta ce ba. Ni ma shiru na yi, don na san inda ya gani. Amma abin ya tsaya min a rai, har ya tuno min da wani dogon hutu da aka kwashe mu 'yan sikawut zuwa sansani na kwana goma, ina aji biyu a sakandare.

Filin wata makaranta ne a bayan garin Zariya, cikin watan Agusta, marka ta kankama. Aka raba mu takwas-takwas, kowane rukuni da tantinsa da sunansa. Mu ne Damisa, maƙwabtanmu Shaho. Abin da aka ce kowa ya zo da shi bai taka kara ya karya ba: tabarma, bargo, tocila, bokiti, kwano ɗaya da cokali ɗaya.

Kafin kiran asalatu usur zai tashi. Babu wanda zai zo ya bubbuga maka ƙafa yana cewa tashi mana Babana. Alwala da ruwan da ya kwana a waje, salla, sai gudu a zagaya fili har gari ya yi haske. Daga nan sai abin da muka fi tsoro, wato duba tanti. Tabarma a naɗe, bargo a ninke, takalma a jere, kwanuka a kife, mu kuma mun ƙame a bakin ƙofa da ƙyalle a wuya. Malam zai ɗaga kwano ya leƙa, ya goga yatsa a ciki. In ya ji maiƙo, ba mai kwanon kaɗai zai sha ba, duk rukunin ne za a rage wa maki. Kwana biyu kacal aka yi, muka koma mu ne ke duba wa juna kwano kafin Malam ya iso. Sai a ɗaga tuta, a yi fareti, a sha koko.

Girki kuwa karɓa-karɓa ne, kowane rukuni da murhunsa na duwatsu uku. Rana ta uku ya faɗo kaina. Ni da ko ruwan zafi ban taɓa ɗorawa ba, don a gidanmu namiji in ya leƙa madafa sai a ce me kake nema cikin mata. Garau-garau aka ce a yi. Itacen ya sha ruwa, na ƙarar da rabin kwalin ashana, hayaƙi ya cika min ido, hawaye da majina suka haɗe. Da wutar ta ga dama ta kama, sai na zuba shinkafa da wake lokaci guda, a ganina ai tare ake cinsu. Shinkafa ta caɓe, wake na nan kamar tsakuwa, gindin tukunya ya kama. Yara bakwai da yunwa suna tsaye a kaina da kwanuka.

Wanda ya cece ni wani siririn yaro ne da muke wa kallon baƙauye, saboda ya yi shekaru yana almajiranci kafin kawunsa ya sa shi a boko. Bai yi min dariya ba. Da yamma ya ɗauki adda ya faskara itacen, ya nuna min cewa cikinsa a bushe yake, bayan ne kawai ya jiƙe. Ya ce wake ake fara ɗorawa da ɗan guntun kanwa, sai ya yi laushi a zuba shinkafa. Ya debo toka da yashi, muka zauna bakin rijiya muka kankare ƙanzon. Daga ranar, duk wanda ya fi kowa turanci a tantinmu sai ya bi bayan yaron nan. A aji shi ne na baya, a sansani shi ne sarki.

Sauran yinin ba shi da wuyar faɗi. Da hantsi koyon ƙulle-ƙullen igiya, karatun taswira, yadda ake ɗaure karaya da yadda ake haɗa makara da gora biyu da riguna don ɗaukar wanda ya ji ciwo. Bayan la'asar ƙwallo ko langa. Yawancin ƙullin nan na manta su, gaskiya.

Dare ne nake kewa. Bayan isha a hura wuta a tsakiyar fili, kowane rukuni ya fito da wasan kwaikwayonsa, a yi kacici-kacici, a kwaikwayi tafiyar malamai suna zaune suna dariya. A bakin wutar nan na fara jin labarin Baden-Powell, sojan Ingila da ya tara yara 20 a tsibirin Brownsea a 1907, ya raba su rukuni huɗu, yana tashinsu da busar ƙahon da ya kawo daga kudancin Afirka. Daga wannan zaman na mako guda harkar sikawut ta samo asali, ta iso Najeriya a 1915. In an kashe wuta sai gadi, mutum biyu-biyu, da tocila da sanda. Ni da nake tsoron fita fitsari a gida, sai ga ni tsaye ƙarfe biyun dare ina gadin barcin wasu.

A Amurka abin ya zama al'ada tun tuni. Akwai sansanin yara maza a jihar New York, Camp Dudley, da yake gudana tun 1885. Iyaye na biyan dubban daloli don a karɓe wa ɗansu waya, a sa shi ya gyara shimfiɗarsa ya share ɗaki. Mu kuwa da an ba da hutu sai mu biya kuɗin lesin, a mayar da yaro kan bencin da ya baro jiya, ya dawo da azahar ya kwanta da waya, ƙanwarsa na wanke-wanke.

Na san abin da za ku rubuto min a ƙasa: tsaro. Kuna da gaskiya. Bayan abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 cikin dare, da na Kagara, da na Kuriga a 2024, ni ma ba zan sa hannu a kai ɗana daji ba, ko da kyauta ne. Akwai kuma cin zalin manyan yara, wanda in malamai suka yi sakaci yakan mai da sansani gidan azaba. Amma ba dajin ne ya koya min komai ba. Makaranta mai katanga a tsakiyar gari ta isa. 'Yan agaji na ƙungiyoyin addini suna yin nasu, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta daɗe tana tara matasa lokacin hutu, majami'u ma haka.

Abin da ke ba ni haushi da wasu sansanonin yanzu shi ne an cire musu ƙashin bayan. An ɗauko masu girki, an ɗauko mai shara, abinci na zuwa a robar da za a jefar, yaro kuma na zaune yana sauraron lacca daga safe har dare. Har da lacca a kan taimakon iyaye! Yaron da aka yi wa sa'a biyu ana faɗa masa falalar hidima bai kai wanda aka miƙa wa baƙar tukunya da toka ba. Ku ba su itace da ashana, ku koma gefe ku zuba ido. Yunwar yini ɗaya ba ta kisa.

Yau da safe bayan mun karya, na ce wa yaron ya ɗauki kofinsa ya je ya wanke. Ya kalle ni kamar na yi masa wani yare, ya dai tashi yana jan ƙafa. Ina cikin jin daɗin kaina, sai uwarsa ta leƙo daga madafa, ta nuna gefen kujerata da ludayi, ta ce, "Baban Abba, naka fa?"