Matan gidan yari: ƙarancinsu ne ya sa aka manta da su

A gidajen gyaran hali na Najeriya, cikin fursuna ɗari, mata kusan biyu ne kacal. Mutane na jin haka sai su ce ai ke nan mata ba su da matsala. Ni kuwa a ganina ƙarancin nan ne ya jawo musu. Gidan yarin mata zalla irin na Kirikiri a Legas ƙalilan ne a ƙasar nan. A yawancin jihohi ɗan sashe ake ware musu cikin gidan maza. Alhali dokar 2019, wadda ta sauya wa hukumar gidajen yari suna, ta ce a keɓe musu wurinsu, a yi gwajin ciki ranar shiga, a tanadi wurin renon jarirai.

Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Ga yadda abin ke faruwa. 'Yan sanda su kai mutum gaban majistare da tuhumar kisa ko fashi, wadda ba shi da hurumin saurara. Sai ya ce a tsare shi, a tura fayil ma'aikatar shari'a a jira shawarar daraktan gabatar da ƙara. Nan fayil ke yin barci. In ma an ba da beli, sai a ce a kawo ma'aikacin gwamnati ko mai takardar fili a Gusau. Mutumin ƙauyen Maru ko Zurmi, ina zai samo shi?

Namiji dai 'yan'uwa kan yi karo-karo. Mace kuwa sau da yawa dangi kunya ce ke kama su, miji ya aiko da takarda, ziyara ta yanke. Uwarta ta zo karɓar beli a ce mace ba ta tsayawa, alhali dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana wannan ƙarara.

Kada a ɗauka yawan wani rukunin mutane a kurkuku shi ne yawan laifinsu. A Amurka baƙar fata kusan kashi 13 cikin ɗari ne na jama'a, amma su ne wajen kashi ɗaya cikin uku na fursunoni. Dokar 1986 ta sa giram 5 na dunƙulen hodar iblis, wanda aka fi kama baƙaƙe da shi, ya ja ɗaurin shekara biyar daidai da giram 500 na garinta. Sai 2010 aka rage tazarar. Mu nan ba launin fata ba ne ke rarrabe mu, rashin mai tsaya maka ne.

Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi na da ikon kafa gidajen gyaran hali nasu. Kafin Zamfara ta kai ga gini, Babban Joji in ya shiga zagayen rage cunkoso ya fara da sashen mata, a karanto masa ranar da kowacce ta shiga da inda fayil ɗinta ya maƙale.