'Yar'uwa, Wa Ya Ce Dole Ki Karɓi Kowace Oda?

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar na je dubiya asibiti, kuma har yau abin da na gani yana ci mini rai. Wata ƙanwata aka kwantar, 'yar ƙanwar mahaifiyata. Sana'arta kayan gara: dubulan, alkaki, cincin, nakiya, sai samosa ta masu biki. Ranar Alhamis da asuba ta yanke jiki ta faɗi a gefen kaskon suya, Allah Ya tsare man bai kife mata ba. 'Yarta mai shekara tara ce ta fita da gudu ta kira maƙwabta.

Na same ta kwance, an ɗaura mata ƙarin ruwa a hannun hagu, ido ya zurma, leɓe ya bushe. Hannun dama kuwa waya ce. Tana latsawa da babban yatsa a hankali, tana ba wata Hajiya haƙuri, wai in sha Allahu gobe da daddare kaya za su iso. Gobe da daddare! Wadda ko banɗaki sai an riƙa ta. Na fizge wayar na jefa a jakata. Ta dube ni kamar na ƙwace mata jariri, ta ce, "Yaya, ta riga ta turo kuɗi fa."

Da na titsiye ta, ashe garar aure uku ta karɓa a mako guda, ita kaɗai. Ita ce zuwa Singa sayen fulawa da sukari da mai, ita ce kwaɓi, ita ce murji, ita ce suya, ita ce jerawa a bokitai, ita ce tare ɗan sahu ta kai kaya daga Hotoro har Rijiyar Zaki, ita ce kuma amsa saƙo. Kwana huɗu ba ta yi barcin da ya wuce awa biyu ba. Na ce me ya hana ki gaya wa ta ukun cewa hannunki ya cika? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi nauyinta na ji, tsohuwar kwastoma ce."

To wannan jin nauyin shi ya sa na ɗauki alƙalami. 'Yan'uwana mata masu sana'a, musamman ku da ba ku da mai taya ku, ina kuka kai kalmar "ba zan iya ba"? Ba zagi ba ce, ba kuma butulci ga Allah ba ne. Amma sai ki ga mace ta san jikinta ya gama, ƙafa ta kumbura, baya ya riƙe, waya na yin ƙara ta ce "Ba matsala Hajiya, kawo." Ba matsala ga wa? Taura biyu ba ta taunuwa, ke kin cusa biyar a baki.

Ku dubi masu ɗinki a goman ƙarshe na azumi. Ɗaki ya cika da atamfa da leshi daga Kwari har ba wurin shimfiɗa sallaya, amma in wata ta shigo ana saura kwana uku Sallah ta ce "Anti ki taimaka, kala ɗaya ne," sai ta karɓa. Daren da ake neman Lailatul Ƙadari ita tana kan keke, ido ya yi jawur, janareta na zuba mata hayaƙi. Ranar idi mutane na masallaci tana sa maɓalli, kayan 'ya'yanta kuwa ko yankawa ba ta yi ba. Ku dubi mai ƙunshi da ke duƙe tun hantsin jajibere har kiran assalatu, wuya ya sandare. Ku dubi mai sayar da mayafai da takalma a WhatsApp, ƙarfe biyun dare wata da barci ya ƙi ɗauka ta turo "nawa ne wannan?", ita kuma ta farka ta amsa, ta turo hoto kala goma, a ƙarshe a ce mata "to zan yi shawara." An ci barcinki, ba a sayi ko ɗankwali ba. Wanda ya haɗiye taɓarya ai ya kwana tsaye, kuma ba wanda ya ɗura miki ita.

Su ma kwastomomin a ji tsoron Allah. Kin san ranar bikin 'yarki wata uku da suka wuce, ba ki tashi ba da aikin gara ba sai ana saura kwana huɗu, sannan ki dinga kira kamar kina bin bashi. Mafi ciwo ma dangi ne, su ne masu kawo aikin gaggawa, su ne masu neman ragi, su ne kuma masu cewa "sai ƙarshen wata." Ban manta da wasu mazan ba, waɗanda da zarar mace ta fara juya 'yan kuɗi sai su zame daga cefane, kuɗin makaranta ma ya dawo kanta.

Na san halin da ake ciki, ba daga sama na faɗo ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota da gas da buhun fulawa suka tashi, ribar da a da ake samu a oda ɗaya yanzu sai an haɗa biyu ko uku. Na san akwai zawarawa da matan da aka mutu aka bar musu marayu, waɗanda in ba su soya ba ba a ɗora tukunya. Amma daidai wannan ne dalilin da ya sa bai kamata ki kashe kanki ba. In kin kwanta, wa zai tashi? Ƙanwar tawa ribar garar nan uku ba ta biya kuɗin gado da magani da gwaje-gwaje ba, sai da aka haɗa mata. Wannan wace irin kasuwa ce?

Jiki magayi, ba ya kuma kayar da mutum sai ya yi ta gargaɗi. Ciwon kai kullum, jiri, faɗuwar gaba da zarar waya ta yi ƙara, tsawa ga yara a kan abin da bai kai ya kawo ba, mantuwa har ki tura kayan wata gidan wata. Sana'ar da a da kike yi da nishaɗi yanzu ko warin man suya ba ki son ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2019 ta bayyana irin wannan gajiyar ta aiki da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, aikin kuma ya daina kyau. Mu kuwa sai mu aika yaro kyamis ya sayo maganin ciwon jiki, mu kora da lemon ƙara kuzari a kan cikin da ba komai, mu koma bakin kasko. Irin su diclofenac ɗin nan in aka mayar da su abincin kullum suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. Yaushe rabonki da ki sa a auna jininki? Hawan jini sau da yawa ba ya sallama.

Kullum muna kafa hujja da Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, muna cewa ai 'yar kasuwa ce. Gaskiya ne. Amma ita ba ita ke bin ayari da ƙafarta ba. Mutane take ɗauka ta damƙa musu dukiyarta, haka ta ba Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kayanta ya tafi Sham tare da yaronta Maisara. Ke kuwa ko ƙulla leda ba ki yarda wata ta taya ki ba, wai za a sace miki sirrin sana'a. Sannan ki ƙi rage oda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tuna kuma da Salmanul Farisi da ya tarar da ɗan'uwansa Abu Darda ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har ya manta da gida. Ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka. Da labari ya kai ga Annabi sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Ibada ke nan aka yi wa iyaka, ina ga cincin?

Ina tuna kakarmu da ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta riƙe gida da wannan sana'ar, ta aurar da 'ya'ya da ita, amma ban taɓa ganin an yi magariba tana matsar tunkuza ba. In mai ya ƙare ta ce ya ƙare, sai jibi, mai saye ya juya ba tare da ya riƙe ta a rai ba. In garar aure ta taso, matan unguwa ne ke taruwa, wannan na daka, wannan na tankaɗe, ana waƙar daka ana dariya, kafin azahar an gama abin da yau mace ɗaya ke kwana uku a kai. Ana adashi, ana zumunci, Juma'a ranar kitso ce da ziyara. Yau kowa ta kulle ƙofa da wayarta, maƙwabciya ba ta san kina raye ba sai ta gan ki a sitatus. Har alfahari ake da wahala, mace ta ɗora hoton kasko ƙarfe ukun dare, ƙawaye na yi mata kirari da mace mai kamar maza. Kirarin nan ba zai zauna jinyarki ba.

Ki rage, ƙanwata. Ki san iyakar abin da hannunki zai iya, in ya cika ki faɗa. Ki jawo wata kusa da ke, ki ajiye wayar nan in dare ya yi. Rai dangin goro ne, ban iska yake so, kuma kwastomar da za ta guje ki don kin ce mata a'a sau ɗaya da ma ba taki ba ce. Arzikinki ba a hannunta yake ba.

Ranar Lahadi aka sallami ƙanwar tawa, likita ya ce ta huta sosai. Ni na kira Hajiyar da bakina na ba ta haƙuri, muka mayar mata da kuɗinta, ba ta ma yi faɗa ba, sai addu'a da ta yi ta ce za ta ba wata. Litinin da safe na buɗe wayata, na ga hoton dubulan a sitatus ɗin ƙanwar tawa, a ƙasa an rubuta "Muna karɓar oda." Na daɗe riƙe da wayar, sannan na ɗauki mayafina na nufi gidan.